Ƙanƙarar da Babanku Yake Nufi

Na san abin da aka gaya maku, kada ma ku yi mani musu. Tun kuna ƙanana yaran Tafoki ke tsokanarku da 'ya'yan Kofur mai motocin gwangwani, kuma har yau akwai tsofaffin da in an ambaci Babanku sai su kaɗa kai su ce, "Allah Ya jiƙansa, ai ya ɗan taɓu bayan yaƙi." To ni ce na zauna da shi, ni ce na daka mashi farar ƙasa har hannuna ya yi kanta, saboda haka ku bar ni in faɗi nawa tun bakina na motsi. Jikata ce ke rubutawa ina faɗa mata, in kun ga kuskure ita za ku tuhuma.

Babanku makanikin soja ne. Kafin yaƙin basasa aka tura shi wata ƙasar Turawa ya koyo gyaran motocin yaƙi, bai daɗe da dawowa ba ƙasa ta rikice. A wani hutu da ya samu aka ɗaura mana aure, aka kawo ni daga Sabuwa zuwa gidansu a Tafoki, ya koma bakin aiki ya bar ni da Inna, mahaifiyarsa. Mutumin da na aura mai surutu ne, mai barkwanci, wanda in ya fara ba Inna labari sai ta roƙe shi ya bar ta ta yi salla. Wanda soja suka sallamo mani bayan an gama yaƙi da 'yan shekaru kuwa, wani ne daban. Yana salla, yana cin abinci, yana zuwa gona, amma magana ta ƙare mashi. In ka gaishe shi ya ce lafiya, shi ke nan an gama hirar ranar.

Shekarun nan ne kuɗin mai ya shigo ƙasa, kowa ya ruɗe. Samari suka watsar da fartanya suka tafi Kaduna leburancin gini. Rediyo ta shiga kowane zaure. Yayan Babanku, wanda kuka taso kuna ce ma Baba Alhaji, ni kuma nake ce mashi Yaya, ya samu kwangilar kai yashi da duwatsu, ya sayi a-kori-kura sabuwa fil har da direba. Abin da ya fi yawa a lokacin kuwa shi ne gwangwani. Na madara, na kifi, na tumatir, duk bola ta cika da su, mu da muka taso gwangwani ɗaya har gadonsa ake yi. Yaya ya yi ta fama da Babanku ya zo ya kula mashi da mota, ga hannu ga sana'a, amma ko kallon motar ba ya yi. Sai ya bi bola yana tsintar gwangwani.

Wallahi da idona na gan shi ranar farko ya shigo da su cike da aljihun riga. Ya zauna a rumfar bayan ɗakina da almakashin ƙarfe da 'yar guduma, ya yi ta yanka yana lanƙwasawa. Kafin sati ya zagayo ga mota ta fito, tsawonta bai wuce tafin hannuna ba. Kada ku ɗauka irin ta yara ce da ake ja da zare. Tana da ƙofa mai buɗewa, da tayar safaya a baya, da ƙafafun da ya yanko daga tsohon silifa ya tsaga masu zane. Ya yi wata mai sulke, ya yi tankar ruwa, ya yi mai jan motar da ta lalace. Ya samo ragowar koren fenti ya shafe su. Sannan ya jera su a kan wani faffaɗan katako, ya zauna ya zuba masu ido, fuskar nan kamar wanda aka yi ma rasuwa. A nan na fara jin kalmar.

"Saura ƙanƙara," in ji shi.

Ba da ni yake ba, da katakon yake. Washegari ya sake faɗa, jibi ma haka. Inna ta kasa kunne ta bayan zana ta ji da kanta. To ku gaya mani, mutumin ƙasarmu ta Faskari ya ce ƙanƙara, me za a ɗauka? Ko dai wadda ke faɗowa da ruwan sama ta kakkarya dawa, wadda ba mai hankalin da zai yi fatanta, ko kuwa garin Ƙanƙara da ke nan kusa da mu. Inna ta yanke hukunci nan take.

"Yaron nan Ƙanƙara yake son zuwa. Halan wani abu aka binne mashi can, ko alkawari ya ɗauka. Alhaji, ka ba da mota a kai shi."

Yaya ya ce, "Inna, wane alkawari? Mutumin da rabonsa da Ƙanƙara tun yana ɗan makaranta?"

"Ni dai na ce a kai shi. In ba ka ba da mota, in ɗaura zane in kai shi da ƙafa."

Haka muka ɗunguma, ni da Inna a gaba kusa da direba, Yaya da Babanku a baya. Ba wanda ya tambaye shi, shi ma bai tambayi kowa ba, an ce ya hau ya hau. Muka sauka gidan ƙanwar Inna, Gwaggo Abu. Kun san Ƙanƙara da farar ƙasa, Allah Ya zuba masu ita kamar ba a so. Matan gidan sana'arsu ke nan, su daka, su tankaɗe, a kai kasuwa masu shafen ɗaki su saya. Muna shiga muka tarar da ita tsibi guda a tsakar gida, an baza wata a tabarma, ta yi fari fat har tana kashe ido. Babanku ya tsaya cak. Ya durƙusa, ya ɗebo, ya murza, ya ɗaga hannu ya bar ta tana zuba a hankali. Sai ya waiwayo ya dubi Inna.

"Inna, nan wane gari ne?"

"Ƙanƙara mana, ɗan nan. Ba nan kake ta kira ba?"

Sai dariya. Ya yi dariya har ya zauna daɓas a ƙasa, hawaye na bin gemunsa, yana nuna tsibin yana cewa, "Kun kawo ni Ƙanƙara neman ƙanƙara, kuma ga ta! Wallahi ga ta!" Matan gidan suka ja da baya, Gwaggo Abu ta kama salati. Ni kuwa na tsaya ina kallonsa, domin wannan dariyar na san ta. Ita ce ta mutumin da na aura, kuma na yi kewarta har na daina sa ran zan sake jin ta.

Abin da ni na gani a matsayin sauƙi, Yaya ya gan shi a matsayin ƙarshen magana. Kada ku zarge shi, yana son ƙaninsa, tsoro ne ya kama shi. A hanyar dawowa, Babanku na rungume da buhun farar ƙasar da Gwaggo ta ba shi don a rabu lafiya. Da muka iso Yaya ya kira ni zaure, ya yi magana a hankali.

"Amarya, kin dai gani da idonki. Akwai wani mai magani a bayan Mairuwa, ya iya irin wannan. Da an gama girbi zan kai shi."

Na san gidan, kowa ya san shi. Gidan da ake sa ƙafar mutum a turu, gungumen icen nan mai rami, a bar shi nan rana da ruwa har sai ya yi laushi. Na ce, "Yaya, don Allah, bai taɓa zagin kowa ba, bai taɓa ɗaga ma kowa hannu ba."

"Sai mun jira ya ɗaga? Magidanci da gemu yana wasa da gwangwani, yana yi ma ƙasa dariya. Gobe kuma gumaka zai fara sassaƙa mana a cikin gida. Na gama magana."

Labari ba ya wuyar tafiya, kafin a yi haka ya kai Sabuwa. Sai ga yayana a kan keke, ya sha hanya duk ya yi jawur, da saƙon Baba, wato mahaifina. Wai in tattara kayana in ɗauko yaro, lokacin ɗan farina ne kaɗai a bayana, in dawo gida har a ga abin da Allah zai yi. Ku da kuka san ni da baki za ku yi mamaki, amma tunda nake ban taɓa ce ma Baba a'a ba. Na shiga ɗaki na zauna bakin gado. Na san in na fita daga gidan nan, ba sauran mai tsayawa tsakanin Babanku da turu, domin Inna ta tsufa, kuka kawai take iyawa. Na fito na durƙusa gaban yayana kamar Baban ne a zaune.

Na ce, "Ka ce ma Baba ya yafe mani. Shi ya ba ni mutumin nan da lafiyarsa, ba ni barinsa don ya yi shiru."

"Ke, kin san abin da kike faɗa kuwa? Baba fa!"

"Na sani. Ka sha ruwa ka tahi tun rana ba ta yi ba."

Abin da wannan maganar ta ci mani, ku ji shi yau. Baba bai tsine mani ba, ba halinsa ba ne. Amma yana da wani suna da yake kirana da shi tun ina rarrafe, 'Yar Lele, kuma daga ranar nan bai sake faɗinsa ba. Na ci gaba da zuwa Sabuwa gaisuwa, yana amsawa, yana sa ma 'ya'yana albarka, sai dai ya kira ni da sunana na yanka kamar baƙuwa. Har ya koma ga Allah ina jiran in ji sunan nan sau ɗaya, ban ji ba. Yana yi mani ciwo har gobe, kuma da za a mayar da ni ranar, amsar da zan ba yayana ke nan.

Da keken ya ɓace na zagaya rumfa, na tarar Babanku na ƙoƙarin murƙushe farar ƙasa da dutse. Na ce ya kauce, wannan ba aikin maza ba ne. Na jawo turmi na daka, na tankaɗe da rariya, na sake tacewa da tsumma har ta yi laushi kamar garin kwalli. Ya jiƙa ƙaro, ya dama su tare don ta kama ƙarfe. Burushi kuwa gashin wutsiyar akuyata ya yanka ya ɗaure a tsinke, akuyar ta yi kwanaki tana hararar sa. Ya miƙo mani tankar ruwa ya ce in shafa. Ni kuma na zage, na shafe ta tas, lungu da saƙo, kamar ɗakin amarya ranar jere. Na miƙa mashi ina jiran yabo. Ya juya ta, ya sake juyawa.

"Wannan ba ta je ko'ina ba," in ji shi.

"Kamar yaya ba ta je ko'ina ba? Malam, ka san wahalar da na sha?"

"Ta yi kyau da yawa. Mu da tsintsiya muka shafa, hannu na rawa don sanyi. Kawo ki gani."

Ya ɗauki tsinke ya kankare farin a bakin ƙofa, inda hannu ke kamawa, da kan matakala, inda takalmi ke gogewa, koren ƙasan ya leƙo. Ya jiƙa gashin kaza ya ja daga sama zuwa ƙasa, farin ya zubo layi-layi kamar ruwa ya wanke shi. Ya kankaro tsatsar tsohuwar ƙusa ya ɗiga a kan kusoshi da maƙalin ƙofa. Ya aike ni madafa in shafo mashi baƙin gindin tukunya, ya ɗan goga a bakin salansa. Ƙafafun kuwa ya kwaɓa jar ƙasa da toka ya yarfa masu. Na ce ai ya ɓata mani aiki. Amma da ya ajiye ta a katako, wallahi sai na ji kamar in matsa mata ta wuce. Mota ce da ta gaji, wadda mutane suka shiga suka fita.

A wannan rumfar, hannunsa na aiki idonsa na kan gwangwani, maganar Babanku ta fara dawowa, kaɗan-kaɗan kamar ruwan rijiyar da aka yashe. Ashe a ƙasar da ya je, in sanyi ya kai maƙura, wata irin ƙanƙara ke saukowa mai laushi kamar gari, ba ta jifa, ba ta ƙara, ta rufe ƙasa da itatuwa da rufin ɗakuna, duniya ta yi fari ta yi tsit. Ita yake nufi. Sojan can sukan shafe motocinsu da farin ruwa don kada abokin gaba ya hango su, kuma su ɗaliban aka sa wannan aiki. Su kaɗan ne 'yan ƙasarmu a wurin, daga Arewa, daga Yamma, daga Gabas, ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya. Wanda gadonsa ke kusa da na Babanku wani ɗan Gabas ne mai suna Sande. Shi ke tashinsa sallar asuba, wai kada Allahn Katsinawa Ya yi fushi da ɗakinsu. Ranar da yatsun Babanku suka sandare, Sande ne ya cusa su cikin hammatarsa har jini ya dawo. Suka dawo gida tare, yaƙi ya tashi, kowa ya bi ɓangarensa.

"Duk motar da aka jawo mani a ƙone, sai na leƙa ciki," ya ce mani wata rana da hantsi. "Tamu ko tasu. Ina dubawa ko shi ne."

Na ce, "Ka gan shi?"

"Wasu ba a gane su."

Na ci gaba da daka.

Muka gina filin tare. Ya yi tuddai da yumɓu, ya kafa busassun saiwoyi a matsayin itatuwan da suka zubar da ganye, muka barbaɗe komai da farar ƙasa ta cikin rariya. Ya ce ta can tana ƙyalli in rana ta fito, wannan kuwa ta mutu. Na tuna da alif ɗin da nake tace ruwa da shi, na daka ɗan kaɗan na watsa a kai. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ke kin taɓa zuwa ne?" Wannan yabon na riƙe shi har yau. Ya zana hanyoyi da gidaje-gidaje kamar na dara, ya koya mani wasan da malamansu ke koya masu da shi a kan tebur, sai dai ya sake mashi doka. Kowa na tura motocinsa bi da bi, daga wannan gefe zuwa gareji a wancan gefe. Karon farko da na tare mashi mota na yi guɗa na ce na ci. Ya riƙe mani hannu ya ce a nan ba a ci, in mota ta maƙale, ko ta wane ce, sai mai kusa ya je ya jawo ta, kuma ba a tashi sai kowace ta isa. Na ce wannan wane irin yaƙi ne da ba a cin kowa? Ya ce irin nasa ne.

Aka yanke gero, aka yanke dawa, aka ɗaure dammuna. Wata safiya na ji tsayuwar a-kori-kura a ƙofar gida. Yaya ya yi sallama ya shigo, ya bar direba da wasu ƙarti biyu a zaure. Inna ta shige ɗaki ta turo ƙofa, ina jin kukanta. Ni kuwa na tsaya a bakin rumfa da taɓarya a hannu, ban san na ɗauko ta ba.

"Amarya, matsa."

"Yaya, ka shiga ka gani tukuna. In ka gani ka ce a tahi da shi, to a haɗa da ni."

Ya dube ni, ya dubi taɓaryar, ya sunkuya ya shiga. Babanku na zaune gaban katako, rana ta ratso ta zana ta faɗa kan filin, alif na ta ƙyalli. Yaya ya tsaya. Na ga idonsa na bin motocin ɗaya bayan ɗaya, yana leƙa bayan tuddai, yana leƙa gindin itatuwa. Na gane abin da yake nema, gumakan da ya tabbata zai tarar. Babanku ya gaishe shi, ya ce mashi wannan ita ce ƙanƙarar, ba garin ba, ya nuna mashi inda ɗakin kwanansu yake da hanyar da suke bi da safe. Ya yi magana tiryan-tiryan, fiye da duk abin da Yaya ya ji daga bakinsa tun sallamarsa. Yaya ya tsuguna, babbar rigarsa na jan farar ƙasa.

"To na ga motoci, na ga itace. Ina mutanen? Yaƙi ba mutane?"

Babanku ya ce, "Suna ciki, Yaya."

"Ciki ina?"

"Cikin motocin. Sanyi ake, an rufe ƙofa. Ga Sande a wannan, ga ni kusa da shi, ga sauran a ta baya. Duka suna nan, ba wanda ya fito tukuna. Ba wanda ya san abin da za a yi."

Yaya ya matso kusa da motar. Ya kai yatsa kamar zai buɗe 'yar ƙofar motar, sai ya fasa, ya janye hannunsa a hankali. Ya daɗe a tsugune, har ƙafarsa ta yi sanyi ya dafa kafaɗar ƙaninsa kafin ya iya miƙewa. Ya fita ya wuce ni bai dube ni ba, na ji shi a zaure yana ce ma direba ya mayar da mutanen nan inda ya ɗauko su, ya wuce ɗibar yashi. Sannan ya dawo, ya tuɓe babbar riga ya rataye a zana, ya zauna a ƙasa gaban katakon.

"Amarya," ya ce, "ajiye taɓaryar nan ki je ki ce ma Inna ta bar kuka. Ki ce mata ɗanta lafiyarsa lau, mutanensa yake tsaro."